Sai Hajiya Ta Gani da Idonta

Matata 'yar gidan rawa ce. Haka ake kiran gidansu a ƙauyensu, wani ƙauye da ke maƙale cikin duwatsu tsakanin Roni da Gwiwa. Ciwo ne na gado. Mutum zai tashi lafiya lau, ya yi aure, ya haihu, ya yi nomansa, sai ya haura arba'in yatsunsa su fara motsi ba da izininsa ba. Daga yatsu sai kafaɗa, sai wuya, sai fuska ta dinga yamutsewa kamar yana yi wa wani gatsine. Tafiya ta koma irin ta mashayi. Hali ma ya canja, mai haƙuri ya zama mai jifa da kwano. A ƙarshe ko loma ta gagari maƙogwaro, mutum ya rame ya zama ƙashi da fata, amma jikin ba zai daina motsi ba sai ranar da rai ya fita. Ba kowa yake kamawa ba. Cikin 'ya'yan mai ciwon wasu su ɗauka, wasu su tsira, kuma ba wanda ya san rabonsa sai lokacin ya zo.

Da na je neman aurenta, mahaifinta yana zaune a kan buzu an tokare shi da buhun gero don kada ya kife. Na gan shi da idona. A lokacin ni kwandasta ne a motar da ke bin hanyar Kazaure zuwa Babura, kuma na daɗe ina gaya wa mutane cewa tawakkali ne ya sa na aure ta. Ba tawakkali ba ne. Kyakkyawa ce, kuma babu wani gida mai lafiya da zai ɗauki irinta ya ba yaron mota. Na samu abin da ya fi ƙarfina saboda kowa yana tsoronsa, sai na rataya wa kwaɗayina suna mai kyau.

A gidan akwai wata tsohuwa, ƙanwar surukina, kowa Gwaggo yake ce mata. Ita ciwon ya tsallake ta, sai ta zama mai wanke masu shi da ɗura musu kunu, kuma ita ce ta riƙe tarihin wanda ya mutu da abin da ya kashe shi. Wata rana muna zaune a gindin rumbu ta ce mini tun kakanninsu ba a taɓa ganin mai rawa ya yi ciwon daji ba. Ta ce an yi masu daji a gidan. Akwai baffanta da cikinsa ya kumbura, akwai wata yayarta da mama ya ruɓe. Amma duk hannunsu a tsaye yake har suka koma ga Allah, kuma cikin 'ya'yansu da jikokinsu ba wanda ya yi rawa. A wurinta ciwon biyu ba sa haɗa jiki ɗaya. Wanda daji ya kama an wanke shi, an wanke bayansa.

Na yi shekaru ina ba da wannan labari a tasha don a yi dariya. Ina kwaikwayon muryarta, ina cewa ku ji mutanen da sauran abin alfaharinsu a duniya shi ne irin ciwon da bai kashe su ba. 'Yan kamasho su yi ta ƙyaƙyatawa. Na zama direba, na samu motar kaina, ban daina ba da shi ba.

Ɗanmu na fari ya yi karatu, ya zama malamin sakandare a cikin Kazaure. Uwarsa ba ta taɓa faɗin sunansa ba, sai dai ta ce yaron nan, ko da ya yi gemu. Shi ne ya ga wata yarinya yana so, ita ma tana son sa. Ubanta wani Alhaji ne da ya yi ritaya daga sakatariyar ƙaramar hukuma, daga irin gidajen nan da kakansu ya taɓa riƙe wani abu a fada, su kuma suka riƙe labarin har yau. Mutum ne da bai taɓa ɗaga abin da ya fi biro nauyi ba, amma in ya dube ka sai ka duba rigarka ko akwai baƙin mai.

Yayana ne ya je neman auren, kamar yadda aka saba. Ya dawo ya same ni a bakin tasha ina jiran lodi, ya ja ni gefe.

"Sun ce yaro ba shi da aibu," in ji shi. "Amma sun yi bincike, sun ji gidan da uwarsa ta fito. Alhaji ya ce a dakata tukuna."

"A dakata har yaushe, Yaya?"

"Har a ga yadda za ta ƙare."

A lokacin matata ta ɗan haura arba'in. Na mahaifinta bai fara ba sai da ya wuce haka sosai. Wato Alhaji yana nufin a zuba mata ido shekara da shekaru kamar tunkiyar da ake shakkar lafiyarta kafin layya, in ba ta fara karkarwa ba sannan a ba ɗanta mata. Kowa ya san yarinya ba za ta zauna jiran wannan ba. Ƙin bayarwa ne aka naɗe da ladabi.

Na zagi Alhaji iya zagi a cikin motata, fasinjoji suna ba ni haƙuri. Amma da na koma gida, abin da ya ce a yi shi na shiga yi. In tana tankaɗe sai in tsaya ina kallon yatsunta. In ludayi ya kuɓuce mata sai gabana ya faɗi. Ta lura. Sai ta koma yin aikinta a inda ba na gani. Yaron kuma ya daina cin abinci sosai, in ya dawo daga makaranta sai ya shige ɗaki.

A cikin bazarar shekarar, wata safiya na ɗauki makullin mota zan fita, matata ta ce, "Malam, tsaya, akwai abin da nake so ka sani." Ta kama hannuna ta ɗora a gefen mamanta na hagu. Wani ƙululu ne kamar ƙwallon dabino, mai tauri, ba ya ciwo. Ta ce ta daɗe tana jin sa.

Asibitin garinmu suka tura mu Kano. A can aka ɗebi ɗan nama aka kai gwaji, aka ce mu dawo. Da muka koma, wata likita ce ta gan mu, yarinya ce ƙwarai, ba ta girmi ɗana da yawa ba. Ta yi magana a hankali tana duban matata, ba ni ba. Ta ce daji ne. Ta ce amma an zo da wuri, bai kai hammata ba, in aka cire maman yanzu aka bi da magani akwai kyakkyawan fata. Ta sa mana ranar aiki, ba da nisa ba.

Matata ta sunkuyar da kai tana salati. Ni kuwa wani abu ne ya taso mini daga ciki, mai daɗi, irin wanda kake ji in ka ci dogon layi a tasha sai ga fasinja sun cika mota a tashi ɗaya. Na ce, "Likita, in tambaye ki mana. Wai gaskiya ne mai ciwon rawar jiki na gado ba ya yin daji?"

Ta ajiye biro ta tambayi wa ke da shi. Na ba ta labarin surukina. Ta yi tambayoyi a kan yadda ya fara da yadda ya ƙare, sannan ta ce, "Na gane ciwon da kake nufi. Masu bincike sun lura daji bai cika kama masu shi ba kamar yadda yake kama sauran mutane, kuma ba a gama sanin dalili ba. Amma bai cika ba na ce, Malam, ban ce ba ya yi ba. Ana samun mai duka biyun. Wannan ƙululun bai gaya mana komai a kan wancan ciwon ba."

Kada wani ya yi mini uzuri ya ce ƙarancin boko ne. A firamare na tsaya, amma da Hausa ta yi maganar, kuma na ji ta daga farko har ƙarshe. Na ɗauki rabin da nake so na sa a aljihu, na bar ɗaya rabin a kan teburinta.

A hanyar dawowa na tsaya a Dambatta na sayi tsire. Na miƙa wa matata, ta dubi tsiren, ta dube ni. Ashe ina ta 'yar waƙa a ƙasan maƙoshi tun da muka bar Kano ban sani ba. Ta ce, "Malam, abu ɗaya nake roƙo. Kada kowa ya ji, ko yaran, sai an yi aikin." Na ce in sha Allahu.

Washegari na sa babbar rigata na nufi gidan Alhaji. Uba ba ya zuwa nema wa ɗansa aure da ƙafarsa, kowa ya san haka, amma ni na je. Aka bar ni a zaure har ƙafata ta yi sanyi, sannan ya fito yana sakace.

"Ranka ya daɗe, albishir na kawo."

"Albishir kuma? Daga tasha?"

"Mai ɗakina ce, ranka ya daɗe. An auna ta a Kano. Daji gare ta."

Ya tsaya da sakacen. Ban sha wahalar bayani ba, don masu bincikensa sun kawo masa maganar Gwaggo tare da sauran labarin gidan. Na ƙara masa da cewa likita ma ta tabbatar, ta ce masu bincike na duniya sun gano haka. Na zaro takardar asibiti, ya ɗaga hannu ya ƙi karɓa.

"Malam direba, na tsufa a ofis. Na san yadda ake yin takarda. Hatimi ko a bayan tasharku ana sassaƙa shi. Sai yayata Hajiya ta gani da idonta, ta taɓa da hannunta. In ta ce shi ne, to shi ne."

"Ranka ya daɗe, an sa ranar aiki. Ko Hajiya za ta daure ta zo cikin satin nan?"

"Tana Umara. In ta dawo." Ya juya zai shiga gida, ya waiwayo. "Kuma kada ku je a cire. In an cire me za ta gani, tabo? Tabo ai ko maruru yana barin sa."

Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe." Har da durƙusawa.

Da yamma na ce wa matata an bugo daga asibiti, an ɗaga ranar aiki, wai masu jira sun yi yawa, za su sake kira. Tana tsince shinkafa a faifai. Ba ta ɗago ba, ta ce, "To."

Sirrin da ta roƙa kuwa, kafin mako ya zagayo na raba shi ga duk wanda ya shiga motata. Ina so maganar ta cika gari ta yadda Alhaji ba zai iya janyewa ba. Daga Kazaure zuwa Babura ba wanda bai ji ba, har 'yan Nijar masu zuwa cin kasuwar hatsi sun koma da labarin. 'Yan kamashon da suka yi shekaru suna dariyar Gwaggo tare da ni su ne suka dinga miƙo mini hannu suna cewa, "Direba, ashe tsohuwa ta fi mu gaskiya. Barka da arziki." Mata suka fara shiga gidana, ba su san ko sannu za su ce ko barka ba, sai su haɗa duka biyun. Wata ma har da cewa ai gara wannan, ko ba komai 'ya'ya sun huta.

Matata ta tare ni a ƙofar ɗaki ta ce, "Na ce kada kowa ya ji."

Na ce, "Don yaron nan na yi."

Da na faɗi haka sai ta bar maganar, kuma na san za ta bari. Shi yaron na gaya masa likita ta ce ba gaggawa, irin dajin nan ne mai tafiya a hankali, kuma ya wanke shi da ƙannensa daga ciwon kakansu. Ya yi kuka, ya yi hamdala, ya rasa wanne zai riƙe. Ya yarda da ni saboda ni ubansa ne.

Hajiya ta dawo daga Umara, amma sai ta huta. Ta gama hutawa, sai karɓar masu barka da sauka. Daga nan jikarta ta haihu a wani gari, ta tafi wankan jego. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, gero ya kai gwiwa. Ƙululun da yake kamar ƙwallon dabino ya zama kamar ƙwan kaza, fatar wurin ta fara tattarewa. Ina gani. Abin da nake gaya wa kaina shi ne, ko ba komai Hajiya ba za ta ce ba ta ga komai ba.

Ranar da ta zo, ni na ɗauko ta da motata, na bar lodi. Ƙatuwar mace ce mai haƙorin Makka, turarenta ya riga ta shiga gida. Ta zo da wata ƙawarta da ledar lemo, wai dubiya. Suka shiga ɗaki, ni kuma na zauna a bayan taga da tsumma da wani ƙarfen mota kamar ina gogewa.

"Sannu 'yar nan, ashe jiki ya ƙi. Buɗe mu gani, ai duk mata ne."

Sai na ji ƙarar awarwaron Hajiya.

"Kai! Ƙawata, taɓa nan ki ji, kamar dutse. Irin na marigayiya maƙwabciyata ne sak, haka nata ya yi kafin ya fashe. Yana ciwo? To sannu. Rufe, rufe."

Na ɗauka an gama. Sai na ji ta ce, "Ungo allurar nan, zura mini zare, idona ya mutu." Bayan ɗan lokaci ta ce, "Ƙishirwa nake ji. Ciko mini kofin can, ki cika shi fal, ki kawo da hannu ɗaya." Matata ta fito tsakar gida, ta wuce ta gabana ba ta dube ni ba, ta cika kofi a randa har baki, ta koma da shi a hankali. Hajiya ta ce, "Masha Allahu, ko ɗigo." Ba ta sha ruwan ba.

Ta fito tana gyara mayafi, ta ce, "Barka, direba. Daji ne sosai, ba wasa. Allah ya ba ta lafiya." Na ce mun gode, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma. Na buɗe mata ƙofar gaba. An zo har ɗakin matata an lalube ta kamar saniya a kara, ni kuma na yi godiya na mayar da mai lalubawar gida kyauta.

Aka karɓi gaisuwa, aka sa rana bayan kaka. Matata ta ce, "To yanzu sai Kano?" A nan ne na yi abin da ba Alhaji ya sa ni ba, ba Hajiya ba. Na ce mata ta duba, in aka yi aiki yanzu, ga ƙarin ruwan nan da ake cewa yana zubar da gashi yana kwantar da mutum, uwar ango tana gadon asibiti, dole a ɗaga biki. A daure a gama, washegarin kai amarya mu tafi. Abin da ban gaya mata ba shi ne tsoron da nake ji. In aka ɗaga bikin, za a samu lokacin da wani ɗan boko a dangin Alhaji zai tambayi likita ya ji sauran maganar. Ina so a ɗaura kafin wani ya yi tambaya.

Ta dube ni ta ce, "Allah ya kai mu."

Kafin kaka wurin ya fashe. Ta dinga ɗaure shi da tsumma mai tsabta tana canjawa, tana turara kayanta fiye da kima don kada a ji wari. A wurin biki ta tsaya da ƙafarta, ta karɓi mata, ta raba goro da hannun dama, don na hagu ya daina ɗaguwa. Dangin amarya suna nuna ta da baki suna raɗa, wai ita ce wadda Allah ya wanke. Ni ina waje cikin sabuwar shadda, Alhaji ya ba ni hannu a gaban jama'a karo na farko, na ji kamar an naɗa ni sarauta.

Da muka koma Kano, likitar nan ce dai. Ta buɗe tsumman, ta taɓa hammata, ta sa matata ta yi tari, ta tura mu hoto. Da sakamako ya fito ta ce, "Ina kuka shiga?" Na ce hidima ce ta yi mana yawa. Ta dube ni yadda nake duban fasinjan da ya ce kuɗinsa ya faɗi. Ta ce ya kai hammata, ya wuce har huhu. Yanzu wuƙa ba za ta raba ta da shi ba, sai dai magani don rage ciwo da jan lokaci.

Muka dinga zuwa muna dawowa. Wata safiya da za a koma na tayar da mota, sai matata ta fito da mayafinta ta ce, "Yau ba kai za ka kai ni ba. A kira mini yaron nan." Suka tafi tasha a a-daidaita-sahu, suka shiga motar wani abokin aikina kamar kowane fasinja. Kafin azahar duk tasha ta san matar direba ta biya kuɗin mota ta bar ta mijinta a ƙofar gida.

Sun dawo da la'asar. Yaron ya rako ta har ɗaki, ya fito, ya gaishe ni a tsaye, ya tafi. Daga fuskarsa na gane. Ta sa likita ta maimaita masa duk maganar, rabin da na ɗauka da rabin da na bari, har da ranar aikin farko da ba mu je ba.

Na shiga ɗakin da faɗa, ko kunya babu. Na ce, "Kin rusa abin da muka sha wahala a kansa."

Tana kishingiɗe tana numfashi da ƙyar. Ta ce, "Muka? Nuna mini inda naka ya fashe."

Na ce ai asibiti ne suka ɗaga rana tun farko.

"Malam, lambata suka karɓa, ba taka ba. Sun kira ni ranar aikin suna tambaya ina nake."

"To me ya sa kika yi shiru?"

"Ni ma ina so ya yi auren. Jiran Hajiya na yarda da shi, ban ce na ji daɗi ba, amma na yarda. Na biyun, jiran biki, kai ka ɗora mini. Kai direba ne, ka saba wuce da mutum inda ya ce a sauke shi." Ta yi tari mai tsawo. "Matarsa ciki gare ta. Ban san ko ina da abin gidanmu ba, kuma ba zan kai lokacin da za a sani ba. Gara ya zauna da sanin cewa ba a sani ba, da ya zauna a kan ƙaryarka."

Yaron ya gaya wa matarsa a ranar. Ta yi kukanta, ta zauna a ɗakinta, kuma ita ce ta dawo tana wanke wa surukarta tsumma. Alhaji ya aiko a mayar masa da 'yarsa, ta ƙi. Tun daga nan ba ya amsa sallamata, kuma wannan ne kaɗai abin da ya taɓa yi mini da na ga ya dace.

Matata ta kai farkon damina. Hannunta bai taɓa rawa ba, amma ba ta kai shekarun da na mahaifinta ya fara ba, don haka ba abin da hakan ya nuna. Da ta ji jikin ya yi nisa, ta sa aka kira mutane ɗaya bayan ɗaya don yafiya, kamar yadda ake yi. Maƙwabta suka shiga, ƙannenta suka zo daga ƙauye, yara suka durƙusa a gabanta. Kowa ta ce ya yafe mata, ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Har Hajiya ta aika wa da saƙon yafiya.

Ni ne na ƙarshe. Na zauna a bakin gado na ce ta yafe mini. Ta ce, "Abin da ke tsakanin miji da mata, na faɗa da na rashin cefane da na baƙar magana, na yafe. Kai ma ka yafe mini." Na ce na yafe. Na jira. Da na ga ba za ta ci gaba ba na ce, "Wancan fa?"

Ta rufe ido ta ce, "Wancan sai na yi tunani. Je ka, ka bar lodi yana jiran ka."

Na fita, kuma don ban san abin da zan yi da kaina ba, na tafi tasha na yi lodin Babura. Ina sauke fasinja a bakin kasuwa yaron ya bugo waya ya ce in juyo.